Allon da Ya Ƙi Barci

A faɗarsa, Injiniya bai taɓa buƙatar mita ba. Kunne kawai yake karawa a jikin waya ya gaya maka yawan wutar da ke gudu a ciki, har da wadda ta tsaya hutawa. Mitar da ke aljihunsa kuwa, wai don kwantar da hankalin masu ƙaramin sani yake yawo da ita. Sunan Injiniyan ma shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta amsawa har mutane suka gaji suka bi shi.

Abin da ya ƙera ɗan allon lantarki ne da bai fi tafin hannu ba, mai na'urar auna zafi da ta auna laima. Ana rataye shi a ɗakin kaji, ya farka sau ɗaya a awa, ya aika wa mai kajin saƙo a waya, ya koma barci. Batir biyu irin na rediyo, in ji Injiniya, za su kai shi wata shida. Shugaban ƙungiyar masu kiwon kaji, mutum ne da ba ya sayen tsintsiya sai ya yi shara da ita, ya ce wata ɗaya ma ya isa. In allon ya kai kwana talatin ba a canja masa batir ba, gidajen kaji arba'in za su ɗauka. In bai kai ba, za su koma wa ma'aunin zafinsu na bango.

Aka rataye shi a ɗakin kajin gidan Injiniya, cikin ɗan akwatin roba mai murfi. Ba mai shiga wurin sai mahaifiyarsa, Inna, mai kwashe ƙwai da safe, tsohuwar da haƙora biyu suka rage mata amma har yau ba ƙashin da ya gagare ta.

Kwana huɗu, saƙo ya ɗauke. Batir ya mutu murus.

Ya sauko da allon kan teburi, ya rufe ƙofa, sannan ya fito da mitar masu ƙaramin sani. Ya sa sabon batir ya auna. Allon na barci kamar jariri, abin da yake sha bai kai a faɗa ba. Duk da haka ya cire ɗan ƙwan fitilar da ke ƙyaftawa a jikin allon, ya ce shi ne mai ci. Ya mayar da allon ɗakin kaji. Kwana uku, batir ya sake mutuwa.

Ya canja abin daidaita wuta. Ya raba na'urar laima da allon, ya sake haɗawa da sabuwar dalma. Ya gyara umarnin da ya ba allon ya zama saƙo ɗaya a awa biyu. Duk wannan yana yinsa ne rediyon Inna na kwarara daga tsakar gida, da ƙarfin da bai san shi da shi ba, har ya leƙa ya roƙe ta ta rage, ana aikin ƙwaƙwalwa. Ta ce ƙwaƙwalwar da rediyo ke korewa dama a bakin ƙofa take.

A teburi allon salihi, a ɗakin kaji ɗan fashi. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne gawar batir. Kowane ya fito da ɗan lotsawa biyu a gefe, kusa da juna, fentinsa a goge kamar ya shekara yana aiki.

Matarsa ta ce ko ya tambayi wani. Ya ce wa zai tambaya, alhali shi ake tambaya?

Da dabara ta ƙare, ya yi abin da mai gyara kan yi in ya rasa ta cewa. Ya sa sabon batir, ya naɗe akwatin da takardar gwangwani, ya ɗaure murfin da kusoshi huɗu, ya bi gefensa da gam.

Sai allon ya shiryu. Mako ɗaya, biyu, huɗu, saƙo na zuwa a kan kari. Gidan ma ya yi tsit, ya ɗauka a ƙarshe an gane darajar aikinsa.

Ranar cika talatin, Shugaba ya zo da mutum shida. Injiniya ya shimfiɗa matattun batiran a kan tabarma kamar mafarauci da fatun kura. Ya bayyana musu cewa numfashin kaji idan ya haɗu da igiyar saƙo yana haifar da wata iska mai tsotse wuta, tana matse batir har ya lotsa. Ga shaida nan, su duba. Shi da kunnensa ya ji tana tsotsa, ya yi mata katanga. A duniya, in ji shi, mutum uku ne suka san wannan cuta, biyun sun rasu.

Shugaba ya ɗauki batir ɗaya, yana juya shi yana gyaɗa kai. A nan Inna ta fito daga ɗakin kaji da kwandon ƙwai. Ta gaishe da baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan idonta ya faɗa kan tabarma.

«Au, ashe kana ajiye mini su,» ta ce. «To buɗe mini akwatin batiran nan da ka liƙe, ɗan nan, wata guda ke nan ban ji labarai ba. Ni dai ban taɓa cutarka ba: in na ɗauki sababbi biyu, sai na cije tsofaffina da kyau na mayar maka.»