Rantsuwar Mi Nyein

Mi Nyein ta fara shara daga gindin tsamiya, kamar kullum. Shekara sittin ke nan tana sharar farfajiyar gidan sufayen ƙauyenmu. An sadaukar da kakarta ga hasumiyar Buda tare da gona da shanu biyu, kuma baiwar hasumiya ko sarki ba ya 'yanta ta. Abin da ta haifa ma na hasumiya ne.

Ba ta ɗaga kai ta dubi sufi. Mutane a ƙasa ta san su. Tana ganin sawu a rairayi za ta gaya maka wanda ya wuce, da ko ƙafarsa na ciwo.

Ran nan da hantsi jirgin ruwan sarki ya tsaya a mashayar kogi. Wanda ya sauko shi ne Shin Kawida, babban sufin da fadar sarki a birnin Bagan ta naɗa ya tsarkake gidajen ibada. An ce ya tuɓe wa mutum goma sha tara mayafin sufanci a shekara guda. Ya ratsa farfajiya ba takalmi, ya shige zaure.

Tsintsiyar Mi Nyein ta tsaya. Can ta kewaye wurin ta ci gaba.

"Yau kuma tsufa ya ci ido?" in ji Mi Htwe, abokiyar bautarta. "Ga wuri kin bari kamar kan mai ƙora."

"Na gani."

Abin da ya kawo baƙon ba ɓoyayye ba ne. Wata ungozoma ta yi ɓaranɓarama a bakin mutuwa, ta ce ɗan da Mi Nyein ta ce kogi ya ci shekara arba'in da biyu baya yana raye, yana sanye da mayafi. Ranar aske kai don shiga sufanci ana tambayar kowane sufi ko ɗa ne ko bawa. In ya tabbata bawa ne, naɗinsa ya rushe, da na duk wanda ya naɗa, sai a miƙa masa tsintsiya.

Ido ya koma kan Shin Panyita, shugaban gidan. Tsintacce ne, a ƙofar gidan aka same shi, shekarunsa kuma sun yi daidai. Shi ke dafa wa ƙauye magani, shi ke karanta wa gawa, shi ya buɗe rumbu shekarar fari. Amma bakin mutane bai san alheri ba. Har waɗanda suka ci shinkafarsa suna cewa, "Ai dama hancin ya yi kama."

Da rana ta take aka jera sufaye, aka durƙusar da Mi Nyein gaban siffar Buda. Shin Kawida na zaune a kan tabarma, ya rufe ƙafafunsa da mayafi. Ya nuna Shin Panyita.

"Tsohuwa, ɗago ki dubi wannan. Ɗanki ne?"

"Ba ɗana ba ne, ranka ya daɗe."

"Ina naki?"

"Kogi ya ci shi."

"Kin san makomar mai ƙarya a wannan wuri? Wuta, haihuwa bayan haihuwa. Faɗi gaskiya ki huta. Ni da hannuna zan tuɓe shi, ko waye."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Aka kawo ruwan rantsuwa a ƙoƙo. Ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji komai ba. Abin da ake ji da shi ya daɗe da ƙarewa a jikinta.

Shin Kawida ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce magana ta mutu. Shin Panyita ya sauke numfashi. Masu zancen hanci suka fara cewa dama su ba su yarda ba.

Kafin la'asar baƙon ya koma jirgi. Mi Htwe ta tofar da yawu.

"Allah wadan mugun iri! Wannan ko wace ta haife shi, da dutse ta shayar da shi."

Mi Nyein ta ɗauki tsintsiya ta koma wurin da ta bari da safe. Ta durƙusa, ta daɗe a haka. Ta tuna kwandon da ta cusa tsakanin buhunan jirgin shinkafa mai zuwa Bagan, da 'yar ƙafar jaririnta da ta leƙo daga cikin zane.

Sannan ta miƙe ta share sawun a hankali, tun daga mashaya har ƙofar zaure, kada wani ya lura cewa ƙafar hagun baƙon yatsu huɗu gare ta.