Robar Wuyan Goggo Tabawa

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

A shekarar da aka fara raba ciwo, na kai wa kakana kunu asibiti. Sista Rifkatu ta zura masa siririyar roba a babbar jijiyar wuya, ta haɗa ɗaya bakin da wuyan Goggo Tabawa, mai jinyarsa, don ta ɗauki rabin zazzaɓin.

Goggo ta kalle ni ta ce, "Amaryata, ina gorona?" Muryar Kaka ce sak. Shi kuwa yana kwance yana lalubar ɗankwali a kansa.

"Hakan yakan faru," in ji Sista. "Ta gaji, wa zai karɓe ta? An ce akwai jika."

Na sunkuyar da kai, na bi sahun masu fita.