Wa'azin Haƙuri a Kamfanin Ƙaro

Da mace ta goma sha ɗaya ta bar aiki a kamfaninmu na tsintar ƙaro a Bolori, sai manaja ya ɗauko malami ya yi mana wa'azin haƙuri.

Awa guda Malam yana cewa aiki ibada ne, mu kuwa ranmu na tafasa. Da aka kira Azahar, maza suka nufi masallacinsu mai fanka.

Dattijuwar cikinmu ta miƙe. "Mun ji, Malam. Zo ka ga inda muke tamu ibadar."

Mu da manaja muna biye, ta kai shi bayan janareta, inda muke shimfiɗa kwalaye a bakin kwata tun da aka mayar da ɗakin sallarmu sito.

"Za a gyara," in ji manaja.

"Shekara biyu ke nan ana gyarawa," in ji ta.

Malam ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya tuɓe takalmansa.

"Yau a nan zan ja salla. Yallaɓai, matso sahun farko."

Manaja ya tattare farar shaddarsa, ya rasa inda zai sa ƙafa. Muka jeru a bayansa muna jira.