Muryar Kande

Tun da zafin rana ya hana shuka a fili, kowane gida ya kafa rumfar gilashi. Irin da hukuma ke rabawa kuwa ba ya girma sai ana gaishe shi kowace safiya. Duk wanda shukarsa ta mutu sau uku, sai a karɓe masa katin iri. Ni bana na fara, kuma tawa ta mutu sau biyu.

Yau ma na durƙusa gaban 'yan tumatirina, na yi musu ina kwana har da ina gajiya. Suna nan a langaɓe kamar ba da su nake ba.

Sai ga maƙwabciyata Kande, wadda alayyahunta ya cika rumfa har tana rabo a unguwa, ta shigo aron rariya. Ta ɗan leƙa ta ce, "A'a, 'yan gidan Yaya Talatu, an tashi lafiya?"

Wallahi a kan idona suka miƙe.

"Ai ba wuya, Yaya," in ji ta. "Ki dai riƙa sakin fuska."

Ni da na tankaɗe musu taki, na hana kaina ruwan wanka saboda su. Na miƙa mata rariyar.

Tana fita na ja ƙofar rumfar, na sauya murya, na kwaikwayi Kande har da 'yar dariyarta. Ganyen suka motsa, na ji sanyi a raina. Sannan dukansu suka juya a hankali, suka ba ni baya, suka fuskanci ƙofar da ta fita.