Rediyon Baba

"Ƙwallo ta fi ni daraja a wurin Baba," in ji babban ɗan kafinta, bayan masu ta'aziyya sun watse.

Kowa yabon marigayin yake, ga aiki ga ibada. Shi kuwa abu ɗaya ke cin ransa. Bara, bayan saɓaninsu, ya je shago ya durƙusa bayan tsohon, ya nemi gafara sau uku. Baba na manne da rediyo a kunne, ko waiwaye bai yi ba. Tun ranar bai koma ba.

Mahaifiyarsa ta buɗe bayan rediyon ta miƙa masa. Babu batir.

"Ƙarar injin katako ta kashe masa kunne tun bariya. Da wannan yake ɓoye wa masu kawo aiki. Kullum sai ya tambaya ko ka zo."