Ranar da Kanta Ta Shiga Murhu

Kai da kake cewa ɗakin karatu ba madafa ba ne, zauna ka ji. A wani gari an yi wani mai kula da ɗakin karatu, mutum mai tsantseni, ko yatsa ka lasa za ka buɗe shafi sai ya harare ka. Dogon hutu ya zo a tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, aka kwashe yara zuwa gona da talla. Sai ya bi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, yana neman a riƙa ciyar da yara a ɗakin karatun don su zo su yi karatu. Wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin shinkafa da wake, matan unguwa suka karɓi girki, mai itace ya ce jakinsa zai riƙa kawo kaya kowace safiya. Iyaye suka saki 'ya'yansu bisa sharaɗi: ranar da yaro ya dawo gida da yunwa, kashegari fartanya zai ɗauka.

Ran nan aka kwana ana ruwa, rafi ya cika, jaki ya tsaya a tsallake. Ragowar itacen jiya ya jiƙe sharkaf, sai hayaƙi. Azahar ta kawo kai, wake na kwance ɗanye a tukunya, yara sun bar kallon littafi sun koma kallon ƙofa. Wata uwa har ta iso zaure da farantin talla, tana jiran 'yarta. Shugabar masu girki ta shigo tana share hawayen hayaƙi. Idonta ya sauka kan tsohuwar kantar littattafai, busasshen katako ɗaya tilo a ginin, don kujerun duk na roba ne. Da wannan kanta aka buɗe wurin, kullum mai kula da ɗakin da hannunsa yake goge ta. Ya dubi kantar, ya dubi matar da ke zaure. "Ku sauke littattafan a kan tabarma," in ji shi, "a hankali." Shi da kansa ya ɗaga gatari, kuma wallahi kowane sara a ƙirjinsa ya ji shi. Kafin la'asar yara sun ci sun wanke hannu, matar ta juya da farantinta ita kaɗai. Har hutu ya ƙare a ƙasa littattafan suka zauna, amma ba su taɓa shan karatu irin na wannan damina ba.

To ka ji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.