Ƙyallen da Ya Goce

Tun daga bakin ƙofa ta ga ƙyallen ya goce.

Wannan ce yarinya ta arba'in a bincikenta na digiri kan yadda yara ke koyon faɗin gaskiya. Tsarin ba ya canzawa: a lulluɓe 'yar tsana mai ɗan kuka da ƙyalle, a hana yaro leƙawa, a fita na minti ɗaya, kyamara tana ɗauka a ɓoye.

"'Yar ƙanwata, kin leƙa?"

"A'a, Anti. Ko ƙafarta ban gani ba."

Gida biyu ne a takardar binciken: "gaskiya" da "ƙarya". Ta sa alama a gidan "ƙarya", ranta ba daɗi, don ɗazu yarinyar ta gutsura mata alewarta.

Da uwar yarinyar ta zo ta tafi da ita, Anti ta kunna bidiyon. Ga yarinyar ta runtse ido gam, ta kau da kai, ta lalubo gefen ƙyallen ta ɗaga. Tana fifita da tafin hannu, tana raɗa:

"Yi numfashi maza, kafin Anti ta dawo."

Anti ta daɗe riƙe da biro, tana neman gida na uku.